Yadda ƙungiyoyin agaji za su yi aiki tare ranar da ruwa ya ci gari

Jama'a assalamu alaikum. Na daɗe ina son in zauna in rubuta wannan abin tun bayan ambaliyar Maiduguri, kullum sai in ce gobe, to yau dai Allah ya yi. Wanda nake wa magana shi ne mai ƙaramar ƙungiya, ta unguwa ce ko ta tsofaffin ɗalibai ko 'yan agajin masallaci ko matan da ke haɗa adashi su dafa abinci su kai asibiti, irin mu dai da ba mu da ofis mai AC amma da an ce wani abu ya faru mu ne farkon fita.

Daren Litinin wayewar Talata 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, kafin gari ya gama wayewa ruwa ya shiga Gwange da Fori, ya shiga kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a, gidan zu ma bai tsira ba har aka riƙa gargaɗin mutane kan macizai da kadoji, katangar gidan yari ta faɗi fursunoni sama da 270 suka fice. Rabon garin da irin wannan tun 1994, shekara 30 cif. Mutum sama da 400,000 aka ƙiyasta sun bar gidajensu.

Mu mun isa ne a kwana na huɗu da mota biyu, shinkafa da taliya da man gyaɗa, muna ji da kanmu. Makarantar firamaren da aka nuna mana muna shiga muka tarar da buhunan shinkafa jibge a ofishin hedimasta, wasu ƙungiyoyi biyu sun riga mu, kuma duk ɗanyar shinkafa suka kawo kamar mu. Wata dattijuwa ta kalle ni ta ce "ɗana, da me za mu dafa?" Ba tukunya, ba itace, ba gawayi, ruwan ma da za a zuba babu. Bayan kwana biyu muka ji cewa wata makarantar da ba ta fi tafiyar minti goma ba babu wanda ya leƙa su sam, saboda ba a bakin titi take ba. Wallahi kayan ba su yi kaɗan ba a ranar, tsarin ne babu. Abin da na koya daga nan shi ne zan jero.

Mataki na 1: ku san juna tun rani

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma na fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa, tun kafin ruwan farko ya sauka. Da zarar an fitar, shugabannin ƙungiyoyin garinku su zauna ko da a ƙarƙashin bishiya ne, kowa ya faɗi abin da yake da shi da gaske ba abin da yake fata ba. Wa ke da mota, wa ke da sito, wa ke da nas ko likita a cikin membobi, wa ya san masu kwale-kwale, wa ke da manyan tukwanen biki, wa ke da janareto. A rubuta da lambar waya biyu ga kowace ƙungiya, don mutum ɗaya wayarsa na iya faɗawa ruwa. Kuma dan Allah a buga a takarda a raba, kar a bar shi a waya kawai, ranar da ruwa ya zo wuta za ta ɗauke, caji ya ƙare, netwok ya riƙa wasa.

A wannan zaman ne za ku je ku gaisa da ofishin SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiharku, da reshen Red Cross da shugaban ƙaramar hukuma, su san fuskarku. Mutumin da ya taɓa shan shayi da kai zai ɗaga wayarka ƙarfe biyun dare, wanda bai san ka ba sai ya ga dama.

Mataki na 2: ranar farko, ku nemi wanda ke riƙe da ragama, kar ku ƙirƙiri taku

A Najeriya tsarin a rubuce yake. NEMA ita ce hukumar agajin gaggawa ta tarayya, an kafa ta a 1999, kowace jiha ya kamata ta samu SEMA, ƙaramar hukuma kuma kwamitin gaggawa nata. Jiha ce ke gaba, tarayya na shigowa idan abin ya fi ƙarfinta. Na sani, na sani, wani zai ce ai a jiharmu ofishin nan ko man mota ba su da shi. Ko da hakan ne, gara ka je ka rubuta sunan ƙungiyarka a wurinsu ka ce ga mu ga abin da muka kawo ina za mu, da ka kafa naka ofishin a gefe, saboda idan kowa ya kafa nasa to an samu sarki goma a gari ɗaya, kuma jami'an hukumar ne ke da ikon buɗe makaranta a zuba mutane, su ne ke magana da sojoji da 'yan sanda.

Manyan ƙungiyoyin duniya su ma suna da nasu tsarin, kuma sanin sa zai rage maka yawo. Tun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta raba aikin agaji ɓangare-ɓangare, kowane ɓangare da mai jan sa, bayan an ga yadda aka yi ta karo da juna a Darfur da kuma bala'in igiyar ruwan tsunami ta 2004. A lokacin ambaliyar 2024, cikin hukumomin Majalisar, lafiya WHO ce, ruwa da tsafta UNICEF, abinci WFP da FAO, kula da sansani IOM da UNHCR, sai ofishin OCHA da ke haɗa kansu duka. A arewa maso gabas ma'aikatun gwamnati ne ke shugabantar waɗannan zaman tare da su. Ma'ana idan ku ruwa kuka kawo akwai teburin da ake maganar ruwa kawai, can za ku je, ba sai kun zauna awa uku kuna jin maganar allurar rigakafi ba. Kuma ba a hana ƙananan ƙungiyoyi shiga, yawanci mu ne ba ma zuwa, muna ganin zaman masu Turanci ne. Ku tura wanda ya iya, ya dawo ya fassara muku.

Ceto daga cikin ruwa kuma a bar wa masu shi. A Maiduguri sojoji da manyan motocinsu da masu kwale-kwale da 'yan kato da gora da matasan unguwa da suka iya ruwa su ne suka yi ta fito da mutane. Idan ba ka iya ruwa ba, aikinka shi ne ka tsaya a inda ake sauke mutane da tabarma da ruwan sha da littafi.

Mataki na 3: takardar waye ke yin me

Wannan ita ce zuciyar abin gaba ɗaya, kuma ba ta buƙatar kwamfuta. Allon makaranta da alli sun isa. A ja layi biyar: wace ƙungiya, me take yi, a ina, yaushe zuwa yaushe, mutum nawa. Shi ke nan. Manyan ƙungiyoyi ma abin da suke cikawa ke nan duk wata, sai dai nasu a kwamfuta yake.

Amma akwai yadda ake cika ta da za ta yi amfani. Na farko, a fara da jerin wurare ba jerin ƙungiyoyi ba. A rubuta duk inda mutane suka taru, makaranta, masallaci, coci, tasha, filin idi, gidan wani attajiri da ya buɗe ƙofa, kangon da ba a gama ba, sannan a bi ɗaya bayan ɗaya a ce wa ke nan? Idan aka fara da ƙungiyoyi kowa zai faɗi inda yake, allo ya cika, a tashi ana murna, wurin da babu kowa ba zai taɓa fitowa ba tunda babu mai faɗinsa. Layin da ya zauna wayam shi ne dalilin zaman. Makarantar nan da na ce muku an manta da ita, da an yi haka tun ranar farko da an gan ta.

Na biyu, a raba abin da aka yi da abin da aka yi alkawari. Mutanenmu akwai son cewa "mu za mu ɗauki nauyin sansanin nan", ana tafi, a rubuta sunansu, kowa ya janye ya koma wani wuri, ashe kuɗin ma ba a tara ba tukuna, sai bayan kwana biyar a gane babu abin da ya iso. Alkawari a rubuta shi da wani launin alli daban tare da ranar da zai cika, idan ranar ta wuce a goge ba tare da jin kunyar kowa ba, ko da alhajin garin ne.

Na uku, "muna ba da abinci" ba bayani ba ne. Dafaffe ko ɗanye? Sau nawa a rana? Kwano nawa? Har zuwa yaushe? A kwanakin farko dafaffen abinci ne ke ceton mutane tunda ba su fito da ko ludayi ba, ɗanye sai an raba tukwane da abin girki ko an kafa kicin na gayya. Da mun tambaya kafin mu taso, da kuɗin rabin shinkafarmu gawayi da tukwane muka saya, mu haɗa da shinkafar waɗanda suka riga mu, a samu abinci a ranar.

Zaman cika allon kar ya wuce minti talatin, a tsaye ma ya fi, kullum lokaci ɗaya, misali bayan sallar asuba ko bayan isha'i, a wuri ɗaya. Ba buɗe taro da jawabin manyan baƙi. Tambaya uku kawai: me ya canza tun jiya, ina ne babu kowa, wa zai je. Kowace ƙungiya ta turo mutum ɗaya wanda zai iya cewa eh ko a'a nan take, ba wanda zai ce bari in tambayi ciyaman ba.

Mataki na 4: rajista ɗaya tak

Nan ne rigima take. Kowace ƙungiya na son nata lis ɗin saboda wanda ya ba ta kuɗi zai tambaya. Sakamakon shi ne mace ɗaya za a rubuta sunanta sau biyar a rana, ta bi layi biyar cikin rana da goyo, ta gaji, ta fara zargin ana sayar da sunanta ne, su kuma masu ƙarfi da wayo su shiga kowane lis da suna daban-daban, tsoho da makaho da mai jego da ba za su iya turereniya ba ko ɗaya ba su shiga ba.

Abin da ya fi shi ne kowane sansani a yi rajista sau ɗaya, gida-gida, a ba kowane gida kati mai lamba, duk ƙungiyar da ta zo rabo ta yi aiki da wannan lambar ta huda katin ko ta sa hannu a baya. Mai son lis don ya kai wa wanda ya ba shi kuɗi sai ya kwafi lambobin da ya ba wa. Ana yin rajistar ne da sassafe ko da daddare lokacin da masu kwana a wurin ne kawai ke nan, saboda da rana mutanen gari na shigowa idan sun ji ana rubuta suna, kuma ban ga laifinsu sosai ba, talauci ne, amma dai ba su ne aka zo dominsu ba. Ana bi aji-aji ne ana rubutawa a inda mutane suke zaune, ba a kira su layi ba.

Da ɗan gari akan ci gari, saboda haka bulama ko mai unguwa da liman dole su kasance a wurin, su suka san waye ɗan Gwange da gaske waye ya zo daga wata unguwar da ruwa bai taɓa ba. Amma kar a bar wa mutum ɗaya alƙalami. Ba zargi ba ne, matsin da ke kansa ne ya yi yawa, 'yan uwa da surukai da abokan siyasa duk suna kallonsa. A haɗa shi da mata biyu daga cikin waɗanda abin ya shafa da wakilin wata ƙungiya, in an gama a karanta lis ɗin da ƙarfi a gaban jama'a. A Maiduguri kuma a tuna ba kowa ke jin Hausa sosai ba, a samu mai Kanuri da mai Larabcin Shuwa a teburin.

Sai gida mai mata biyu ko uku. Idan aka rubuta sunan maigida kawai aka ba shi kaso ɗaya, ka san abin da zai biyo baya. A rubuta kowace mace da 'ya'yanta a matsayin tukunya guda. Haka zawarawa da marayu da almajiran da malaminsu ya ɓace musu a rububin, su ba su da maigidan da zai tsaya musu.

Wani abin da kusan kowa ke mantawa, mutane da yawa ba sa zuwa sansani, gidan 'yan uwa suke tafiya. Sai ka ga mai albashin da da ƙyar yake riƙe mutum bakwai yanzu yana ciyar da talatin, kuma babu motar agajin da za ta tsaya a ƙofarsa tunda ba a ganinsa. Ƙungiyoyin unguwa da na masallatai nan ne suka fi kowa amfani, ku kuka san gidajen, manyan ƙungiyoyi ba su sani ba. Ku ɗauki wannan ya zama aikinku ku kai lissafin teburin haɗin gwiwa.

Kuma lis ɗin nan amana ce. Sunaye da lambobin wayar mata da 'yan mata ba abin turawa a guruf ba ne, akwai 'yan damfara da ke kira su ce an turo tallafi a ba su lambar BVN.

Mataki na 5: ku yi lissafi da mudu ɗaya

Bayan abin da ya faru a Goma a 1994, inda kwalara ta kashe dubban 'yan gudun hijirar Ruwanda cikin makonni alhali ƙungiyoyi sun cika wurin, sai ƙungiyoyin agaji da Red Cross suka fara wani shiri a 1997 mai suna Sphere, suka tsayar da mafi ƙarancin abin da ya kamata ɗan Adam ya samu. Kaɗan daga ciki ya kamata kowa ya haddace: ruwa lita 15 ga mutum ɗaya a rana na sha da girki da tsafta, wurin ɗiban ruwa kar ya wuce mita 500, bandaki ɗaya ga mutum 20, a kwanakin farko ana iya lallaɓawa da ɗaya ga mutum 50, ramin bandaki ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, abinci kuma kalori 2,100 a rana.

Mu ɗauki makaranta mai mutum 2,000. Ruwa lita 30,000 ke nan kullum, wato jarka mai lita 25 guda 1,200, ko tankar lita 10,000 sawu uku. Yanzu ka duba mai kawo fiya wata leda 100 yana ɗaukar hoto, leda ɗaya ƙulli 20 ne na rabin lita, lita 10, duka lita 1,000, wato bai wuce kashi ɗaya cikin talatin na abin da ake buƙata ba. Allah ya saka masa, amma kar a rubuta a allo cewa an gama da ruwa a nan. Bandaki 40 ake buƙata a farko, 100 daga baya, makarantar kuwa wataƙila shida gare ta kuma sun cika tun rana ta biyu. Hatsi idan ka sa kusan giram 400 ga mutum, buhu mai kilo 50 guda 16 ne a rana, ban da wake da mai da gishiri.

Amfanin lissafin shi ne yana kashe gardama. Maimakon a yi ta "mu mun fi ku ƙoƙari", sai a ga ƙiri-ƙiri abinci ya kai rabi, ruwa bai kai kwata ba, bandaki babu mai yi. Kuma kullum bandaki ne babu mai so, saboda ba wanda ke son a sa tambarin ƙungiyarsa a jikin masai. A farkon Oktoba 2024, ƙasa da wata ɗaya da ambaliyar, gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Ƙungiyar da ta ɗauki kwashe bandaki da sabulu da buta da sa kulorin a ruwa, a wurina ta fi mai tirelar shinkafa, ko da ba a nuna ta a talabijin ba.

Ku kuma daidaita abin da kuke bayarwa. Idan wannan sansanin ana ba da katifa da kuɗi, na kusa da shi tabarma kawai, gobe da safe kowa zai kwashe ya koma na farkon, rajistar da kuka sha wahala ta rushe.

Mataki na 6: ranar rabo

A Disambar 2024 cikin 'yan kwanaki mutum sama da 60 suka mutu a turereniyar rabon abinci da kyauta a Ibadan da Okija da Abuja, na Ibadan yara ne 35. Masu rabon alheri suka yi niyya. Saboda haka wannan ba wurin wasa ba ne.

Kar a yi shela a rediyo ko Facebook cewa gobe za a raba kaya a wuri kaza. A raba kati tun jiya, kati daidai da yawan kaya. Ƙofar shiga daban ta fita daban, a shigo da mutum ashirin-ashirin, sauran su zauna a ƙasa a inuwa, mutumin da ke zaune ba ya ture wani. Tsofaffi da masu ciki da masu buƙata ta musamman a fara da su ko a kai musu har inda suke. Layin mata mata ne za su kula da shi, kuma a faɗa da babbar murya tun farko cewa kayan nan kyauta ne, duk wanda ya nemi kuɗi ko ya nemi wani abu daga mace kafin ya ba ta kati ga wadda za a kai wa ƙara. Wannan abin yana faruwa, kar mu rufe ido, kuma idan ɗan wata ƙungiya ya yi duk masu riga mai tambari ne za a daina yarda da su. A sanar da 'yan sanda. Kar a riƙa jefa kaya daga kan mota. Ƙungiya biyu kar su yi rabo lokaci ɗaya a fili ɗaya, a haɗe ya zama rabo guda, ku shinkafa, su mai, wancan sabulu, mutum ya bi layi sau ɗaya ya tafi.

Mataki na 7: baki ɗaya

Guruf ɗin WhatsApp guda biyu sun isa. Ɗaya na sanarwa wanda admin kawai ke rubutu, ɗaya na wakilai, mutum ɗaya daga kowace ƙungiya. Ba barka da Juma'a, ba bidiyon wa'azi, ba siyasa. Saƙo ya zo da wuri da lokaci da sunan wanda ya gani da idonsa. Jita-jita irin ta "wani dam ɗin ya sake fashewa" tana iya sa mutane su tattake juna, kafin a tura a kira hukuma a tabbatar. Lissafin waɗanda suka rasu kuma a bar wa hukuma ta faɗa.

Maganar hoto da tambari da 'yan siyasa

Gaskiyar da ba a son faɗa, yawancin rashin haɗin kai ba rashin sani ba ne, son a gani ne. Kuma ina fahimta, wanda ya turo kuɗi daga Legas ko Saudiyya yana son ya ga inda kuɗinsa ya shiga. To a yi yarjejeniya tun farko: kowa zai sa tambarinsa a kayansa, kowa zai ɗauki hoton kayan da na masu aiki, rahoton bai ɗaya zai ambaci kowa har mai buhu biyu. Amma ba a sa mutum ya riƙe leda ya kalli kyamara dole, jiya mai gidansa ne da shagonsa a kasuwa. Kuma ba a jinkirta rabo ana jiran babban baƙo, na ga inda abinci dafaffe ya lalace tun azahar ana jiran wani mai girma da bai iso ba sai bayan la'asar, yara na kallon kuloli.

Kuɗi kuma kowa ya riƙe nasa. Asusun haɗaka tsakanin ƙananan ƙungiyoyi cikin gaggawa shi ne hanya mafi sauri ta ɓata zumunci. A haɗa aiki, a haɗa mota da sito, idan an yi sayayya tare a rubuta wa ya ba da nawa a ajiye rasit, sito kuma makulli biyu a hannun ƙungiya biyu da littafin shiga da fita.

Sojoji da jami'an tsaro a gaishe su, a sanar da su zirga-zirgarku, musamman a wuri irin Borno da ke da shingaye da dokar hanya, amma magana da su ta bi ta mutum ɗaya da aka wakilta. Kar ka yi mamaki idan wasu ƙungiyoyin kamar Red Cross ko ƙungiyar likitoci ta MSF suka ƙi shiga motar sojoji ko suka ƙi rakiyar bindiga, ba girman kai ba ne, ƙa'idarsu ce ta zama 'yan ba-ruwanmu don su iya shiga ko'ina.

Mataki na ƙarshe: yadda ake tafiya

Ƙaramar ƙungiya kuɗinta na ƙarewa cikin sati biyu ko uku, ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne a ɓace ba sallama, mutane su fito da kwano da safe su tarar babu kowa. Ku faɗa a zaman safe aƙalla kwana biyar kafin ranar, a goge sunanku a allo a ga layin ya zama wayam, a nemi mai karɓa. Ku faɗa wa mutanen sansanin da bakinku. Makarantun ma ba za su zauna sansani har abada ba, gwamnati za ta so yara su koma aji, a Maiduguri an sake buɗe sansanin Bakassi da aka rufe tun 2021 aka kuma riƙa haɗe ƙananan wurare, don haka ku bi mutanenku da lambar katinsu zuwa inda aka mayar da su, saboda wanda ya koma gida ya tarar da ɗaki ya rushe rijiya ta cika da ƙazanta buƙatarsa ba ta ƙare ba, ta canza ne zuwa siminti da kwanon rufi da jari.

Ranar da za ku miƙa, ku ba wanda ya karɓa kwafin rajista, littafin sito, lambar direban tanka da ta mai gawayi, sunan matan da ke riƙe da kicin, da jerin waɗanda ke shan maganin hawan jini ko siga ko masu cikin da suka kusa haihuwa. Tukwane da bokitai ku bar su a wurin, a rubuta adadinsu, ku sa hannu su sa hannu, bulama ya shaida.